Hitar gas ɗinmu tana kamawa tana mutuwa: in buɗe da kaina ko in kira mai gyara?

Maman Hanifa, Shikago

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar gaggawa daga duk wanda ya san kan hitar gas ta ɗumama gida, wadda mutanen nan ke ce wa fanes.

Muna kudancin Shikago. Gidan namu ne, ba haya ba, tsohon ginin jan bulo mai ɗakin ƙasa, kuma hitar tana can ƙasan. A gidan muka same ta, takardar da ke manne a jikinta ta nuna ƙirar 2007 ce. Bayan sallar Isha'i na lura iskar da ke fitowa ta ramukan daɓe babu ɗumi a cikinta. Na sauka na tsuguna gabanta, na sa Hanifa ta ƙara lambar tamostat, wato na'urar saita ɗumin gida, daga sama, ina leƙawa ta tsagar murfin.

Ga abin da na gani. Wata ƙaramar fanka ta fara ƙugi. Can sai wani ɗan ƙarfe ya yi ja, ya koma ruwan lemo, har yana haska cikin akwatin. Na ji "ƙas", sai wuta shuɗiya ta kama a jere, gwanin kyau. Kafin in gama cewa alhamdulillahi ta mutu. Ta sake daga farko, ta sake mutuwa. Bayan ta uku ta yi shiru gaba ɗaya, sai wata 'yar jar fitila da ke ƙiftawa ta cikin ƙaramin gilashi a murfin ƙasa.

Baban Hanifa direban babbar mota ne, yanzu haka yana hanyar Teksas, sai jibi. A gidan akwai yara uku da surukata, Hajiya, wadda ta zo daga Kano ganin jikoki, kuma ita ko sanyin hunturun gida ba ta iya ɗauka. Tamostat na nuna digiri 57, wato kamar 14 a ma'aunin da muka saba da shi, waje kuwa 13 ne ƙasa da sifili.

Na kira wani kamfani, sun ce kuɗin zuwa da dare dala 180 ne, kafin ma a taɓa komai, kuma ba su yi alkawarin isowa kafin asuba ba. Maƙwabciyata ta ce wani ɗan ƙarfe ne a ciki ake gogewa, mijinta yana yi da kansa, har ta turo min bidiyo a YouTube. Ina da sukundireba, kuma ba na tsoron aikin hannu, ni nake gyara keken ɗinkina. Amma gas ba keken ɗinki ba ne, ga kuma rayuka a gidan. Mene ne zan iya yi da hannuna, mene ne kuma bai kamata in kusanta ba? Don Allah a taimaka.

Baban Khalid, Minneapolis

Wa alaikumus salam Maman Hanifa, Allah ya kawo sauƙi. Wannan ita ce sana'ar da nake ci da ita a nan Minnesota, don haka bari in yi miki dalla-dalla.

Kafin komai, abu biyu. Na farko: kina jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai a ɗakin ƙasan? In kina ji, ki bar karanta wannan. Kada ki kunna ko kashe fitila, kada ki ƙyasta komai, ki fitar da kowa, daga waje ki kira layin gaggawa na Peoples Gas, kamfanin gas na Shikago, ko 911. Gas ɗin da ake turowa gidaje ba shi da wari na kansa, zuba masa ake yi da gangan. Al'adar ta kafu ne bayan fashewar wata makaranta a New London ta jihar Teksas a 1937, inda gas ya taru ba wanda ya ji, kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara. Warin nan gargaɗi ne, ba a gardama da shi.

Na biyu: kina da ƙararrawar kabon monoksaid, wato iskar gubar da ke fita daga ƙonewar gas ko gawayi, mai aiki? Dokar Illinois tun 2007 ta wajabta ta a cikin ƙafa 15 daga ɗakunan kwana. Ciro ta ki duba bayanta, akwai kwanan wata. Suna tsufa, shekara 5 zuwa 10 gwargwadon iri, bayan nan ko fitilarta na ci ba a dogara da ita.

In babu wari, to bayanin da kika yi ya kusa gama min aikin, domin hitar nan tana bin matakai ne a jere, kuma inda ta tsaya shi ke nuna inda ciwon yake. Tamostat yana aika saƙo. Ƙaramar fankar da kika ji ita ce mai jan hayaƙi zuwa waje. Akwai wani makunni da ke auna ko fankar na ja da gaske, in bai gamsu ba, komai ba zai biyo baya ba. Daga nan maƙyasti ya yi zafi, shi ne ƙarfen da kika ga ya yi ja, zafinsa ya haura digiri 1,000 a ma'aunin gida. "Ƙas" ɗin da kika ji bawul ɗin gas ne ya buɗe. Wuta ta kama. Duk waɗannan naki lafiyarsu ƙalau, tunda kin gan su da idonki.

Mataki na gaba shi ne wanda ya gagara. Akwai wata siririyar sandar ƙarfe da ke tsaye a cikin harshen wutar, aikinta ta shaida wa ƙwaƙwalwar hitar cewa wuta ta kama. Harshen wuta yana iya ɗaukar lantarki, to ta cikinsa 'yar wuta ƙanƙanuwa ke bi, maikro'amfiya 2 zuwa 6 yawanci. Da shekaru sai wani farin ƙura-ƙura ya lulluɓe sandar, saƙon ya daina wucewa. Ƙwaƙwalwar ta ɗauka gas na zuba ba wuta, sai ta rufe bawul cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ta gwada sau uku ko huɗu sai ta kulle kanta. Wato ba lalacewa ta yi ba, kare ku take yi.

Jar fitilar nan magana take. Ƙirga ƙiftawarta, sannan ki duba bayan murfin, akwai jadawalin ma'anoni. Kowane kamfani da nasa. A hitocin Carrier misali, gajeru uku da dogaye huɗu, wato 34, yana nufin an kunna amma ba a tabbatar da wuta ba, 14 kuma ta kulle kanta. Ki rubuta lambar kafin ki kashe lantarki, domin a wasu tana gogewa.

Ga abin da zan yarda ƙanwata ta yi. A jikin hitar ko kusa da ita akwai makunni kamar na fitilar ɗaki, ki kashe shi. Ɗaga murfin sama. Ki nemi sandar, yawanci tana can ɗaya ƙarshen jerin bakunan wutar, nesa da maƙyasti. Alamarta: waya ɗaya tak, gindinta farin tangaran ne, noti ɗaya ke riƙe da ita, mai girman kwata na inci. Ɗauki hoto da wayarki tukuna. Kwance notin, zaro ta a hankali, ki goge ƙarfen da soson ƙarfe mai laushi har ya yi haske, ki share da busasshiyar takarda. Ban da ruwa, ban da sabulu, ban da sanfefa mai kaushi. In kin ga tangaran ɗin ya tsage, goga ba za ta yi magani ba, sai sabuwa. Mayar da ita yadda hoton ya nuna, rufe murfin sosai, domin akwai makunnin da ba ya barin ta tashi in murfi bai zauna ba.

Kada ki ruɗa ta da maƙyasti. Shi wayoyi biyu gare shi, kuma ya fi ƙwai saurin fashewa, ɗan bugu kaɗan ya isa.

Tunda kin sauka, zaro filta ki ɗaga ta saitin fitila. In haske ba ya ratsawa, canja ta, kibiyar da ke jikinta ta kalli hitar. Filta mai kaurin inci ɗaya ba ta wuce wata ɗaya zuwa uku a lokacin sanyi.

Nan iyakarki. Bawul ɗin gas, bututun gas, da duk wani noti da ke kansu, ba naki ba ne. Ƙarfin gas da na'ura ake auna shi, ba da ido ba. Akwai bidiyoyin da ke koya wa mutane haɗa wayoyin makunnin kariya don su tsallake shi, wallahi duk sanda na tarar da wannan a gidan mutane sai jikina ya yi sanyi. Kuma in kin ga wani ɗan faifai kusa da bakunan wuta mai ƙaramin maɓalli a tsakiya ya ɗago, kada ki danna. Wannan ba ya ɗagowa sai wuta ta fito inda bai kamata ba.

In kin goge ta sake mutuwa, kada ki yi ta kashewa kina kunnawa. Ki biya kuɗin daren.

Hajiya Uwani, Manchesta

Maman Hanifa sannu, Allah ya tsare ku. Malam Baban Khalid ya yi bayani mai kyau, Allah ya saka, amma ni zuciyata ba ta kwanta ba, kuma gara in faɗa.

Mu a nan Ingila ba a haka. Aikin gas sai wanda ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara a 2009, kuma in ya zo ƙofarki kina da haƙƙin cewa ya nuna katinsa. Mai ba da haya dole ne ya sa a duba masa kayan gas duk shekara ya ba ɗan haya takarda. Yawancin tukwanen ɗumama ruwan da muke amfani da su, murfin ma kansa yana cikin abin da ke tsare hayaƙi, ba a buɗe shi haka kawai. Na san naku daban ne. Amma Malam, kai ka san sandar da maƙyastin ko cikin duhu, ita kuwa yau za ta fara gani, da tsakar dare, ga sanyi ga tashin hankali. Dala 180 kuɗi ne, na sani, amma ana mayar da su.

Abin da ya fi damuna ma shi ne daren yau. 'Yar'uwa, kada ki kunna oben ki buɗe ƙofarsa don ɗumi. Kada ki bar kan murhun gas yana ci. Kuma ki yi wa Hajiya bayani da ladabi, domin iyayenmu sun saba da kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu, kuma ba gidanmu da ba a rasa gawayin turaren wuta. A gida ɗakunan na shan iska ta ko'ina, duk da haka muna jin labarin iyalan da hayaƙin janareta ya kashe cikin barci. Gidajen ƙasashen nan kuwa a toshe suke ruf. CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce sama da mutum 400 ke mutuwa a ƙasar duk shekara ta iskar kabon monoksaid, ban da na gobara. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, kamar mura amma ba zazzaɓi. In kika ga mutum biyu ko uku a gidan sun fara tare, ku fita waje nan take ki kira 911.

In akwai 'yan'uwa kusa, ki kai Hajiya da yaran su kwana can. Ba abin kunya ba ne.

Ɗan Damagaram, Winnipeg

Gaisuwa ga kowa. Ni ba ma'aikaci ba ne, amma sanyin Manitoba ya koya min abu ɗaya da ban ga an ambata ba.

Anti, hayaƙin hitarki ta ina yake fita? In bututun ƙarfe ne da ya shiga bango ya hau rufi, to wannan bai shafe ki sosai ba. In kuwa fararen bututun roba ne guda biyu da suka fita ta gefen gida, sa takalmi ki zagaya ki duba su. Ɗaya na shigo da iska, ɗaya na fitar da hayaƙi, kuma ba su da nisa da ƙasa. Dusar ƙanƙara na rufe su, ko tururin ya daskare a bakin ya zama ƙanƙara. Nawa sun taɓa toshewa, fanka ta yi ta ƙugi amma maƙyasti bai ko yi ja ba. Da hannu na share, ta tashi. A guguwar da ta rufe yankin Buffalo a Disambar 2022, wani matashi a garin Lockport ya rasu ta wannan hanyar, dusar ƙanƙara ta toshe mafitar hayaƙin hitarsu. Irin waɗannan hitocin kuma suna zubar da ruwa ta wani siririn tiyo, in ya toshe su ma suna ƙin tashi.

Maganar Hajiya Uwani gaskiya ce, sai dai ina da ƙari a kan ƙananan hitocin lantarki, domin su kowa ke rugawa ya ɗauko. Kai tsaye a soket na bango, ba a kan doguwar waya ba, ɗaya a kowane soket, kuma mita guda tsakaninta da bargo, labule ko darduma. Ba a barci a bar ta kusa da gado. Gobarar Bronx ta Janairun 2022 da ta ci mutum 17, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya, daga irin wannan hitar ta tashi.

Ki buɗe ƙofofin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ki bar famfo na ɗiga kaɗan, kada bututun ruwa su daskare su fashe.

Masu haya da ke karantawa kuma, ku naku daban: ba ku taɓa komai, mai gidan za ku kira. A Shikago daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Yuni doka ta ce ya riƙe ɗumin gida a digiri 68 da rana, 66 da dare. In ya yi kunnen uwar shegu, ku kira 311, layin kai ƙorafi ga hukumar birni.

Maman Hanifa, Shikago

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Babu warin gas ko kaɗan. Bututun hayaƙin na ƙarfe ne, ya shiga bangon bulo. Ƙararrawar da muka samu a gidan 2013 aka rubuta a bayanta, ƙanin Baban Hanifa ya taho da sabuwa, kuma ya tafi da Hajiya da ƙananan biyun gidansa. Hajiya Uwani, na ji maganarki.

Mun yi aikin da Baban Hanifa a waya yana kallo. Sandar tana nan inda Malam ya ce, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka. Na goge har ta yi ƙyalli. Filtar kuwa ta yi baƙi ƙirin, akwai sabuwa a bayan matakala na sa. Na kunna, wuta ta kama, ta zauna. Yanzu muna 64 yana hawa, alhamdulillahi.

Amma Malam, akwai abin da na gani da nake so ka fassara min. Na zauna ina kallon wutar don in tabbatar. Bakuna huɗu ne. Da farko duka huɗun shuɗaye ne, a miƙe, suna shiga ramukansu. Da babbar fankar ta tashi, wadda ke tura iska cikin gida, sai na bakin hagu ya fara rawa, bakinsa ya koma rawaya, yana ɗan lanƙwasowa baya kamar ana hura shi daga ciki. Sauran ukun ba su motsa ba. A ƙasan wannan ramin akwai ɓarɓashin tsatsa, da ɗan baƙi a jikin ƙarfen. Sabuwar ƙararrawar ba ta yi ƙara ba. Haka suke yi dama?

Baban Khalid, Minneapolis

A'a, ba haka suke yi ba. Ki je ki kashe ta yanzu, sannan ki dawo ki karanta sauran. Allah ya yi miki albarka da kika tsaya kika kalla, mutane da yawa da sun ji ɗumi sun hau sama.

Ramukan da wutar ke shiga bakunan wasu lanƙwasassun bututun ƙarfe ne. Wuta da hayaƙi na bi ta cikinsu su fita waje, iskar da kuke shaƙa kuma na bi ta bayansu ta ɗebi zafi. Ƙarfen nan ne kaɗai ya raba su. Kullum yana zafi yana hucewa, yana buɗewa yana tsukewa, kuma in filta ta toshe iska ta ragu, zafin da yake sha ya fi ƙima. Da shekaru sai ya tsage. Harshen wuta ba shi da dalilin sanin cewa babbar fanka ta tashi, tunda hanyarsu ba ɗaya ba ce. In ya motsa daidai lokacin da ta tashi, to iska ta samu ƙofa.

Ba na yanke hukunci daga Minnesota. Yana iya zama bakin wutar ne ya yi datti, ko iska na shigowa ta wata kafa a jikin akwatin. Amma hita mai shekaru irin naki, da tsatsa da baƙi a ƙarƙashin ramin da ke rawa, ni ba zan bar iyalina su kwana da ita tana ci ba. Shirun ƙararrawa kuma ba shaida ba ce. An ƙera su ne su yi ƙara in iskar ta yi yawa ta kuma daɗe, a kashi 70 cikin miliyan sai ta ɗauki awa ɗaya zuwa huɗu kafin ta yi kuka. Hajiya Uwani, a nan ni da ke bakinmu ɗaya.

Yanzu yadda za ki yi da mai gyaran, domin "ya tsage" ita ce kalmar da ke sayar da sabuwar hita, kuma a cikinmu akwai masu tsoron Allah akwai waɗanda ba su da shi. Ki gaya masa duk abin da kika gani da abin da kika yi, har gogar sandar. Ki ce ya auna hayaƙin da na'urar auna ƙonewa, ya nuna miki lambar. Ƙa'idar ƙera hitoci a Amurka ba ta yarda kabon monoksaid a cikin bututun hayaƙi ya wuce kashi 400 cikin miliyan ba, mai lafiya kuwa yawanci ƙasa da 100 take. In ya ce akwai tsaga, ya sa kyamara ya nuna miki, gani ya kori ji. Ki ɗauki hoton, ya rubuta miki a takarda. Wanda ya ƙi nunawa yana matsa miki ki sa hannu a daren, ki biya shi kuɗin zuwansa ki sallame shi.

In tsagar ta tabbata zai rufe gas ɗin hitar ya rataya mata jan kati. Kada ki ji haushinsa, kuma kada kowa ya buɗe bayan ya tafi. Ba a like wannan wurin, ba a yi masa walda. Ko a canja ɓangaren gaba ɗaya, ko a canja hitar. Kamfanoni da yawa na ba wa wannan ɓangaren garantin shekara 20, ki ba su lambar da ke jikin takardar su duba ko ya bi gidan zuwa gare ku, amma ko ya bi, kuɗin aiki naku ne, kuma aikin ba kaɗan ba ne. Hitar gas shekara 15 zuwa 20 take yi, taki ta ci rabonta.

Ki nemi farashi daga wuri biyu ko uku. In abin ya yi nauyi, shirin LIHEAP na taimakon kuɗin makamashi yana da ɓangaren gyara ko canja hita ga masu gidan kansu da kuɗin shigarsu bai kai wani mizani ba, a gundumar Cook, inda Shikago take, ta hannun ƙungiyar CEDA ake nema. Ba bara ba ce, da harajinku ake yin sa.

Maman Hanifa, Shikago

Assalamu alaikum, ga yadda aka ƙare zuwa yanzu. Na kashe ta a daren, na bar famfo na ɗiga, ni da Hanifa muka bi su Hajiya.

Da safe mai gyara ya zo, dattijo ne mai haƙuri. Na ba shi labari kamar yadda Malam ya ce. Ya kunna ya tsaya yana kallon bakin hagun, bai ce komai ba sai da fankar ta tashi. Ya zura kyamara mai dogon wuya, ya juyo min da allon: tsaga ce siririya a lanƙwasar bututun, tsawonta kamar ɗan yatsana, gefenta duk tsatsa. Ya ce sandar da na goge ta yi daidai, ba abin da zai ƙara mata. Ya rufe gas ɗin, ya rataya katin, ya rubuta min komai. Ya kuma zagaya ɗakunan da na'urarsa, bai sami komai a iskar gidan ba, alhamdulillahi.

Farashi biyu ya ba ni. Irin tamu mai bututun ƙarfe, wadda ya ce kashi 80 na gas ɗin take mayarwa ɗumi, dala 4,600 da aiki. Mai fararen bututun roba, kashi 96, dala 6,300. Ya ce in mun ɗauki ta biyun, tukunyar ruwan zafi za ta rage ita kaɗai a tsohuwar hanyar hayaƙin bulo, kuma sai an zura wa hanyar sabon bututu a ciki, shi ma da kuɗinsa. Wani kamfanin zai zo gobe da hantsi, Baban Hanifa kuma zai iso da yamma in sha Allah, na riga na kira CEDA sun ba ni ranar zuwa.

Malam Baban Khalid, maganar bututun cikin bulon gaskiya ce ko ƙari ne? Kuma ga gida irin namu da ba mu da niyyar tashi, wacce za ka ɗauka a cikin biyun? Zan turo maka hoton takardun duka biyu in na gobe ya ba da nasa.